Kundin da Na Jefa a Teku

Jikana ya sa carar zakara a wayarsa, wai ita ce ke tashinsa zuwa aiki. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo gaishe ni, ya ajiye wayar a kan kujera ya shiga wanke hannu, sai kawai zakara ya kama cara a tsakiyar falona da rana tsaka. Shayin da ke hannuna sai da ya zube mini a cinya. Da ya fito na ce masa ko ya canza wannan kukan, ko ya riƙa barin wayar a mota. Ya yi dariya, ya ce da Larabcinsa wai tsufa ya sa na fara faɗa da kaji. Yaron da ko gaisuwar Hausa sai ya yi tuntuɓe, ta ina zan fara yi masa bayani? Amma kai da kake karanta wannan, tunda kana jin yaren, bari in faɗa maka abin da na ƙi faɗa masa.

A Hindawiyya ta birnin Jidda aka haife ni, tun unguwar tana ta sandaka, ɗakunan da ake haɗawa da kwano da katakon akwati. In bazara ta yi, kwanon nan yakan ɗauki zafi har ba ka iya jingina da shi, ga iskar teku mai gishiri da ke sa komai tsatsa, hatta allura a cikin gwangwani. Gumi ba ya bushewa a Jidda. Tufafi ma in ka shanya sai su yini suna ɗanɗanon gishiri. Baba dako yake yi a mina, inda jiragen ruwa ke sauke kaya, Umma kuma tana wanki a gidajen cikin gari. Ni a hannun Kaka na girma, mahaifiyar Baba, wadda ke soya gyaɗa cikin yashi tana sayarwa a bakin hanya. A ɗakinta nake kwana, a kwanonta nake ci. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, "ƙawata" take ce mini, ko da tana shirin dukana ne.

Kaka tana da wani abu da duk matan layinmu suka sani. Kundi ne, bai wuce tafin hannu da rabi ba, an ɗinke shi ruf cikin jar fatar akuya, da maɗauri na ratayawa. Ba wanda ya taɓa ganin cikinsa. Mace in naƙuda ta yi mata tsanani, a ruga a aro kundin a sa mata a ƙarƙashin kai. Yaro in zazzaɓi ya ƙi sauka, a ɗora masa a ƙirji. Har maza, in za su je neman iƙama, takardar izinin zama, sukan aiko matansu su shafo shi su shafa musu a hula. Wadda ta fi kowa aro ita ce maƙwabciyarmu, matar mai tsire, mace mai murya kamar ana buga garwa. Haihuwarta huɗu, duk da kundin a ƙarƙashin kanta ta yi su. Ina so ka riƙe wannan, domin ni ban manta ba. Kaka dai ba ta taɓa cewa kundin yana magani ba. In aka zo aro ta miƙa, ta ce a dawo mata da abinta, sannan ta ɗauki tabarma ta je ta zauna a ƙofar gidan da aka kai shi har sai an fito da shi.

Asalin kundin kuwa, Baba ba shi ne ɗanta na fari ba. Akwai yayansa. Da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, bayan sun wuce tafkin Chadi, sai tabo ya fito wa yaron, ƙafarsa ta yi gyambon da ya ƙi warkewa, aka ce kuturta ce. Suka kai shi wani asibitin Turawan mishan da ke ajiye kutare, suka yi bukka kusa da wurin suna noma, har damina biyu. Da wani ayari ya zo wucewa, kakana namiji ya ce shi ba zai mutu bai ga Ka'aba ba saboda ƙafar yaro, za su je su dawo su ɗauke shi. Ban taɓa ganin tsohon nan ba, a Sudan ya rasu, Ka'abar ma bai gan ta ba, amma har yau in na tuna maganarsa raina yakan ɓaci. Yaron ya koyi karatu a asibitin. Ranar rabuwa ya dogaro sanda ya zo bakin shinge, ya miƙa wa uwarsa littafin da yake karantawa. Ta buɗe ta ga baƙaƙe irin na allo, ta sumbace shi ta ɗora a goshi, kamar yadda kowannenmu yake yi wa duk takardar da ya ga rubutun Larabci a kanta. A zango na farko ta sami fata ta ɗinke shi. Ba ta sake ganin yaron ba, ba ta sake jin labarinsa ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya abin ya faru. Lokacin ba a daɗe da buɗe makarantun 'yan mata ba, kuma ni ce ta farko a gidanmu da ta iya karatun takarda. Kaina ya kumbura ƙwarai da wannan. Wata rana bayan la'asar muna bayan ɗaki muna ɓare gyaɗa, Kaka ta sunkuya, sai kundin ya faɗo daga wuyanta. Laimar Jidda ta ci zaren, gefe guda ya ɓarke, takardu suka leƙo, sun yi ja kamar ganyen taba. Ta ɗauka ta jima tana juya shi. Sannan ta miƙo mini ta ce tunda ya buɗe kansa, in duba mata abin da yayan ubana yake karantawa.

Na fara karantawa da bakin Larabci, ban ji komai ba. Na sake, na sake, sai na ji abin yana fitowa da maganar gidanmu. Hausa ce, an buga ta da inji, da baƙaƙen da na sani. Ba zan iya kwatanta maka daɗin da na ji ba. A makaranta in na yi kuskure na saki kalmar Hausa, 'yan aji sukan toshe baki suna dariya, ga shi yau yaren yana kwance a cikin littafi mai shafi da lamba. Kaka kuwa ta saki kwaryar gyaɗa ta matso har gwiwarta tana taɓa tawa.

Kullum bayan la'asar muka riƙa karanta shafi biyu ko uku. Labarin Annabi Isa ne, wanda na sani daga makaranta, don haka da farko hankalina kwance yake. Akwai Yahaya yana tsoma mutane a kogi. Akwai wani biki da abin sha ya ƙare, Maryam ta yi wa ɗanta magana. Akwai wata mata a bakin rijiya da ta tsaya tana gardama da shi, Kaka ta yi dariya ta ce wannan 'yar'uwar matar mai tsire ce. Akwai wani Li'azaru da ya mutu kwana huɗu aka kira shi ya fito daga kabari. Wannan sai da ta sa na maimaita mata, hannunta kuwa ya daina ɓare gyaɗa. Cikin mabiyansa goma sha biyu akwai wani masunci, Bitrus, mai saurin baki, kullum shi ne kan gaba wajen alkawari. Shi Kaka ta fi so. Ta ce haka ɗanta na fari yake, sai ya yi magana sannan ya yi tunani.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na san akwai abin da ba daidai ba. Littafin yana kiran Annabi Isa da sunan da malamarmu ta ce faɗinsa ma saɓo ne. In na iso wurin sai in tsallake, yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa. Kaka takan ce, kin yi tsalle, in ce mata rubutun ne ya goge. Daɗin karatun da daɗin yadda take kallona sun fi ƙarfin tsorona.

Ranar ƙarshe mun kai inda ɗaya daga cikin sha biyun, Yahuza, ya jawo masu kama Annabi Isa. Aka tafi da Isa, Bitrus ya bi daga nesa, ya tsaya yana jin ɗumin wuta tare da bayin gidan da aka kai Isa. Aka tambaye shi ko yana cikin mutanen Isa, ya ce ba ya ciki. Aka sake, ya musa. Aka sake, ya musa, sai zakara ya yi cara. Kaka ta tafa hannu ta ce kai, amma masuncin nan ya ba ta kunya, duk cika bakin nan ashe na banza ne. Ta tambaye ni sai me ya faru da shi. Daidai nan aka kira magariba, ta karɓi littafin ta cusa a fatarsa, ta ce gobe ma ji.

Washegari Umma ta aike ni wurin tela a sako mini kalmasar rigar makaranta. Telan layinmu Bahaushen Sudan ne, dogo, mai tabarau ɗaure da zare. Ya taɓa yi wa wani Bakibɗe, Kiristan Masar, aiki a can shekaru da yawa, kuma saboda haka yake ɗaukar kansa masanin duk wani abu na Nasara. Ba liman ba ne, ba ladan ba, amma in ana gardamar addini a bakin shagonsa muryarsa ce ta ƙarshe. Ni kuma ina so ya san na iya karatu. Ina tsaye yana taka keke, na tambaye shi wai Bitrus cikin sahabban wane annabi yake. Keken ya tsaya. Ya ɗago tabarau ya tambaye ni inda na ji sunan. Kafin ya gama warware kalmasar rigar ya warware cikina duka.

Bayan la'asar tsakar gidanmu ta cika. Telan ya shigo da maza uku, matan layi suka tsaya a bakin ƙofa da kan garwunan ruwa, Baba ya dawo daga mina da ƙurar siminti a gashinsa ya tarar da taro. Aka ce Kaka ta kawo kundin a duba. Ta kawo, don a ranar ba ta ga abin ɓoyewa ba. Telan ya sa tsumma ya riƙe shi da yatsa biyu, ya buɗe, ya motsa leɓe na ɗan lokaci, sannan ya ɗaga shi sama ya ce Linjila ce ta Nasara.

Daga nan ya shiga zuba, kuma ka ga mutum yana jin daɗin ranarsa. Ya ce Linjilar da aka saukar wa Annabi Isa ba ita ce wannan ba, wannan mutum huɗu ne suka rubuta bayansa, kowa da tasa, wannan ta ɗaya daga cikinsu ce. Ya ce su Bitrus su ne muke kira Hawariyawa, amma an cusa musu maganar da ba su yi ba. Ya ce akwai wani Bulus, wanda bai taɓa zama da Annabi Isa ba, da farko ma farautar mabiyansa yake yi yana kai su kurkuku, daga baya ya juya ya zama babbansu, ya bi garuruwa yana aika wasiƙu, kuma a cewarsa daga nan komai ya karkace. Ya yi bayanin gicciye, ya zana shi da yatsa a iska sannan ya tofar da yawu. Ya ce abin shan da ya ƙare a bikin nan giya ce. Ya ce Turawan da gangan suka buga littafin da baƙaƙenmu, don sun san mutanenmu ba sa taka irin wannan rubutun. A wannan kaɗai na yarda da shi har yau, kuma ina jin haushinsu. Wanda ya ba yaro mara lafiya magani da hannu ɗaya, ya kamata ya faɗa wa uwarsa abin da ke ɗaya hannun.

Matar mai tsire ce ta fara ihu. Ta ce ashe shi ya sa ɗanta na uku yake in'ina, an haife shi da kan uwarsa a kan kafirci. Ta ce shekara ashirin tsohuwa tana shafa musu najasa suna godiya. Wata ta ce a wanke duk ɗakin da kundin ya taɓa shiga. Wata ta ce dama ita ta daɗe tana zargi, don me ba a taɓa buɗewa ba. Wannan matar, watanni biyu kafin nan, ita ta zo da kuka tana roƙon a ɗora wa jaririnta.

Telan bai tsaya nan ba. Ya juya ga Kaka ya ce akwai abin da suke kira baftisma, su tsoma mutum a ruwa su canza masa suna, kuma duk yaron da ya zauna a hannunsu har ya iya karanta wannan, to an tsoma shi. Ya ce wataƙila ma yanzu Bitrus ake kiransa. Ya ce ta daina sa shi cikin addu'ar da take yi wa Musulmi.

Kaka tana zaune a kan turmi. Ta dube shi, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam tela, ni ban san Bulus ba, ban san mutum huɗun nan naka ba. Yaro na sani, yana tsaye da sanda a bakin shinge. Ba shi da riga ta biyu da zai ba ni, sai ya ba ni wannan. Miƙo mini abina."

Ta tashi ta fizge littafin daga cikin tsumman, ta cusa a ƙugunta. Sai idanu suka dawo kaina. Telan ya tambaye ni nawa na karanta. Na ce ban gane komai a ciki ba. Matar mai tsire ta ce ƙarya ne, ta sha jin muryata ta bayan kwano. Na ce Kaka ce ta tilasta ni. Baba ya tambaye ni ko haka ne, na ce haka ne, har na ƙara da cewa da gangan na je wurin tela don in tona. Kaka tana tsaye, tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Masuncin nan sau uku ya yi nasa, ni kuwa ban ƙirga nawa ba, don na ci gaba da yi har kwana tara.

A kwanakin nan ba wanda ya sayi gyaɗar Kaka a layinmu. Takan fita da tirenta ta dawo da shi yadda yake. In ta je ɗiban ruwa mata su janye garwunansu. Yara suka riƙa bin mu suna cewa gidan Nasara, ni kuma don kada a haɗa da ni sai na kwashe tabarmata daga ɗakinta na koma wurin Umma. Ta zuba mana abinci a kwano ɗaya kamar kullum, na ce na ƙoshi, na je na ci a tukunya. Rana ɗaya ma da yara suka biyo ta da waƙar gidan Nasara, ina cikinsu a baya, bakina yana motsi. Ta waiwayo ta gan ni. Na tsane ta a kwanakin nan, tsana ta gaske, don a ganina ita ta jawo mini, kuma don duk lokacin da ta dube ni ina jin ƙanƙanta.

Baba ba mai zafin addini ba ne, tsoro ne ya kama shi. Telan ya ja shi gefe ya ce maganar tana iya fita daga unguwa, kuma gidan da aka samu da irin wannan littafi, kafili, ɗan ƙasar da muke zaune da sunansa, ba zai tsaya masa ba, sai dai a ɗora su a jirgi zuwa ƙasar da Baba bai taɓa gani da wayonsa ba. Ko gaskiya ne ko barazana, ban sani ba. Baba ya daina cin abinci. Kullum in ya dawo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana roƙo, ita kuma ta ce a kashe ta tukuna. Rana ta tara ya gaji da roƙon.

"Inna, kin bar ɗaya a hanya. So kike a kwashe sauran ma?"

Umma ta riƙe baki. Kaka ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kwance ƙugunta, ta zare littafin daga fatar, ta ajiye masa a ƙasa. Fatar ta riƙe a hannunta, ta shige ɗaki.

Sai wata gardamar ta tashi, wadda da ba kaina ta ƙare ba da na yi dariya. Ba a san yadda za a yi da shi ba. Ba a jefa shi a shara, don kusan kowane shafi da sunan Allah a jiki, kuma da baƙaƙenmu. Telan ya ce a ƙona a tsakiyar layi kowa ya gani. Tsohon limamin masallacinmu, wanda duk kwanakin nan bai ce komai ba, ya ce shi ba za a cinna wa sunan Allah wuta ana shewa a gabansa ba, a yi masa yadda muke yi wa tsofaffin takardun karatu in sun yage, a naɗe a farin ƙyalle a ɗaura dutse a kai teku. Haka littafin da aka tofa wa yawu ya sami jana'izar girma. Telan da ya ga an ƙwace masa wutarsa, sai ya ce to wadda ta buɗe ita za ta jefa, don mutane su shaida gidan ya tsarkaka.

Da hantsi muka tafi bakin teku, can inda masunta ke ɗaure ƙananan jiragensu. Ni ce a gaba da ƙunshin a hannu, Baba da tela da wasu maza a baya. Ƙasa tana ƙona ƙafa, ko'ina ƙarnin kifi, masunta suna gyaran koma suna kallonmu. Ina so in ce maka hannuna ya yi rawa, amma bai yi ba. Kaina a sama yake, ina jin ni ce jarumar unguwa. Na hau wani dutse na wurga da duk ƙarfina. Ya yi ƙara kaɗan ya nutse. Telan ya ce halas, an gama, ya shafa kaina, ya saya mini alewa a hanya, kuma na sha.

Kafin wata guda mata sun koma sayen gyaɗa. Matar mai tsire ta shigo aron gishiri kamar ba ita ba. Kaka ta ɗinke fatar yadda take, ba komai a ciki, ta mayar wuyanta. Bayan shekara biyu 'yar matar mai tsire ta kwana biyu tana naƙuda, sai ga uwar ta lallaɓo ta bayan ɗaki, murya ƙasa ƙasa, wai ko za a ara mata fatar. Na so Kaka ta watsa mata yashin gyaɗa mai zafi. Ta cire ta miƙa mata, ta ɗauki tabarma ta je ta zauna a ƙofar gidansu har aka haihu. Wannan ma har yau yana ba ni haushi.

Ni kuwa ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Na koma ɗakinta ta matsa mini wuri, na sa hannu a kwanonta ta tura mini nama. Amma "ƙawata" ta mutu a bakinta. "Ke" take ce mini, ko "yarinya". Na jira ta ɗauko maganar in ba ta haƙuri, ba ta ɗauko ba, ni kuma girman kai da kunya suka hana ni farawa. Shekara bakwai muka yi a haka.

Da ciwon ajalinta ya kwantar da ita ni nake jinyarta. Wata rana da yamma ina mata fifita, idonta a rufe, sai ta yi magana.

"Ke, masuncin nan. Ya koma wurin abokinsa kuwa?"

Na ce ban sani ba, Kaka, nan muka tsaya.

"Da mun ƙarasa," in ji ta, ta juya fuskarta bango.

Bayan kwana biyu ta rasu. Umma ce ta cire fatar daga wuyanta wajen wanka, kuma tana cikin akwatina yanzu.

Na girma na yi aikin share ɗakunan marasa lafiya a wani asibiti. Can na haɗu da wata nas Kirista, 'yar Najeriya, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Mun yi shekara muna gaisawa kafin in iya tambayarta. Ta yi mamaki, ta waiga ta ga ba kowa, sannan ta ba ni labarin yadda yake a wurinsu. Ta ce daga baya Bitrus ya koma kamun kifi, sai wata safiya suka hangi Isa a bakin ruwa, ya hura gawayi ya ɗora kifi. Bayan sun ci ya tambayi Bitrus ko yana ƙaunarsa, har sau uku, daidai yawan musun da ya yi, kowane karo yana amsawa, sannan ya damƙa masa kula da sauran. Ta ce shi ya zama babbansu. Na tambaye ta tsakanin carar zakaran da wannan safiyar shafi nawa ne. Ta ce ba yawa, karatun yini biyu ne ko uku a irin tafiyarmu.

Ni Musulma ce, a kan haka zan mutu, kuma abin da na yi imani da shi game da Annabi Isa bai motsa ba. Ban yafe wa telan ba, ko da yake ya daɗe a ƙasa, kuma in aka ambaci matar mai tsire har yanzu bakina yakan yi ɗaci. Layinmu na Hindawiyya babu shi, an share. Wurin da na tsaya na yi jifa an cike shi da ƙasa, motoci ke bi ta kai, jikokina in na nuna musu sai su ce ai nan ba a taɓa yin teku ba. Wani lokaci nakan yi tunanin ko akwai wasu tsofaffi can bayan tafkin Chadi masu kama da Baba, da sunayen da ba irin namu ba, waɗanda ubansu ya ba su labarin uwar da ta ce za ta dawo.

Jikan nawa ya kira ni jiya, ya ce ya canza kukan wayar, ya sa na tsuntsaye, in daina fushi. Na ce ya kyauta. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, shi masuncin an zaunar da shi an tambaye shi har sau uku. Ni Kaka ba ta tambaye ni ko sau ɗaya ba, kuma shekara bakwai ina kwana a gefenta da amsar a bakina.